Shin jami'an tsaro na karanta saƙonnina na WhatsApp?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ce min gwamnati na iya karanta duk abin da na tura a WhatsApp. Da gaske ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa'alaikis salam 'yar'uwa. Tun shekarar 2016 WhatsApp ke kulle saƙo daga wayarki har ya isa wayar wanda kika tura wa, kamfanin kansa ba ya iya karantawa. Amma kada ki saki jiki. Da umarnin kotu ana iya miƙa bayanan wanda kika yi magana da shi da kuma lokacin. Akwai kuma manhajar leƙen asiri irin Pegasus, wadda ke shiga wayar kanta ta ga saƙon bayan an buɗe shi.

Abin da ya fi damuna shi ne matsa wa kamfanoni su bar ƙofar baya, wato wata ɓoyayyiyar hanya da jami'an tsaro za su bi su karanta abin da aka kulle. A 2016 hukumar FBI ta Amurka ta nemi kamfanin Apple ya taimaka a buɗe wayar wani da ya kai hari a birnin San Bernardino na ƙasar, kamfanin ya ƙi, kuma ina ganin ya yi daidai. Na san mugaye ake nema, amma ƙofar da aka bar wa ɗan sanda, ɓarawo ma zai gano ta.

Ki riƙa sabunta wayarki, ki kuma kunna kullen ajiyar hirarrakinki (wato kwafin da WhatsApp ke adana miki a intanet), don ba a kunne yake zuwa ba.