Gwiwar hannuna na ciwo idan na ɗaga dambel ta bayan kai

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata shida ke nan ina ɗaga ƙarfe a gida. Ƙwanjina ya taso, amma bayan damtsen har yanzu shiru. Wani abokina ya nuna min yadda ake riƙe dambel ɗaya da hannu biyu, a sauke shi ta ƙeya a sake ɗagawa. Na fara da mai kilo 15, sai gwiwar hannuna ta kama ciwo. In haƙura da shi ne, ko akwai inda nake kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abokinka ya ɗora ka a hanya. Kilo 15 ɗin ne ya fi ƙarfinka a yanzu.

Tsokar bayan damtse, wadda masana ke kira tiraisef, rassa uku gare ta, kuma ta fi ƙwanji girma. Ita ce ke cika hannun riga. Rassa biyu sun faro ne daga ƙashin damtse, amma na ukun, wato dogon, daga allon kafaɗa ya taso. Dukkansu sun haɗu sun kama tsinin ƙashin gwiwar hannu. Da ka ɗaga hannu sama, dogon reshen nan sai ya miƙe kamar an ja roba, kuma a miƙen nan yake aiki. A nan amfanin wannan motsi yake.

Masu bincike a Jami'ar Ritsumeikan ta Japan sun gwada haka, suka fitar da sakamako a 2022. Mutum 21 suka yi mako 12 suna horar da hannu ɗaya a sama, ɗayan kuma a ƙasa, da na'urar jan igiya. Tiraisef ɗin hannun da aka horar a sama ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100, na wanda aka horar a ƙasa kusan kashi 14, alhali nauyin da hannun sama ke ɗagawa bai kai na ɗayan ba. Ka ga ke nan ba yawan kilo ake nema ba.

Koma kilo 6 ko 8. Zauna a kujera mai majingina, ƙafafu a dafe da ƙasa. Tallabo faifan dambel na sama da tafukanka biyu, manyan yatsu su zagaye mariƙin. Ɗaga shi saman kai, sannan ka sauke a hankali ta bayan ƙeya, kana ƙirga ɗaya, biyu, uku, har ka ji bayan damtsen ya ja. Damatsanka su tsaya kusa da kunnuwa, gwiwoyin hannu na kallon gaba. Idan sun ɗan buɗe ba laifi, amma kada su baje kamar fukafukan kaza. Wajen ɗagowa ka fitar da numfashi, kada ka fizga, kuma kada ka buga gwiwar da ƙarfi idan hannu ya miƙe. Wannan bugun da sakin ƙarfe ya faɗo da kansa suna cikin abubuwan da ke jawo irin ciwon da kake ji.

Ɗaure ciki kuma. Na sha ganin samari sun turo ƙirji, baya ya lanƙwashe, su gama suna dafe da ƙugu.

Yi sau 10 zuwa 15, ka huta kamar minti ɗaya da rabi, ka maimaita har zagaye uku, kwana biyu a mako. Ranar da ɗagawa sau 15 ɗin ta daina wahalar da kai, ƙara kilo ɗaya ko biyu.

Af, idan dambel ɗinka na haɗi ne, ko irin wanda mai walda ya ƙera, ko na siminti da aka zuba a gwangwani, jijjiga shi ka tabbatar ba abin da ke motsi, tunda saman kanka zai hau.

Yanzu dai huta wa gwiwar na mako guda. Idan ka dawo da ƙaramin nauyi ciwon bai tafi ba, ko wurin ya kumbura, ko ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa, ajiye ƙarfen ka je likitan ƙashi ya duba ka.