Ku Tambayi Baba Malam: Yarona Ya Ce Kumbo Yake Ginawa

TAMBAYA

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni uwa ce, ina aure a wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura. Ƙanena direban babbar mota ne, yana lodin Legas. Da ƙaramar sallah ya zo wa yara da tsarabar wasu 'yan bulo-bulo na roba cike da bokitin fenti, na gwanjo, irin waɗanda ake harhaɗawa. Tun daga ranar babban yaron, ɗan shekara goma sha biyu, ba shi da zance sai nasu. Kawun ya nuna masa hotunan wasu jirage a waya, shuɗi da ruwan toka, wai Turawa ne manya da gemunsu suke gina irin na da. Yanzu da ya dawo daga Islamiyya sai ya shige zaure, wai kumbo yake ginawa. Babansu ya ce shiririta ce, in bai daina ba zai juye su a masai. Ni kuwa na ga har lissafi yake yi a ƙasa da tsinke. Mene ne wannan abu? In bar shi ko in hana shi?

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya raya miki su. Kafin komai, ki roƙar mini maigidan ya dakata da zancen masai har ki karanta masa wannan amsa.

Wasiƙarki ta mayar da ni daminar 1969, ana tsakiyar yaƙin basasa, ina ɗan shekara tara. Rediyo ɗaya ce a garinmu, a ƙofar gidan dagaci, kuma labarin bakin daga ake zuwa saurare. Sai ga wani labari daban: Amurkawa sun sauka a duniyar wata. Kumbon Apollo 11 ke nan, ranar 20 ga Yuli, Neil Armstrong da Buzz Aldrin suka taka, na ukunsu Michael Collins yana can yana kewaya watan yana jiransu. Dattijai suka kwana suna musu. Mu yara ba mu tsaya musu ba. Da yake damina ce babu busasshen kara a gona, sai muka zare daga dangar kakata, muka feƙe ɓawon, muka riƙa soka shi a cikin karan kamar yadda muke yin mota. Ba wanda ya taɓa ganin ko hoton kumbo a cikinmu, don haka abin da ya fito motar kara ce mai fukafukai da dogon hanci. Kakata ta yi faɗan dangarta sosai, sannan ta karɓi abin ta rataye a ɗakinta, yana nan har aka yi girbi. Abin da ɗanki yake yi a zaure shi ne wannan, roba ce kawai ta maye gurbin kara.

Asalin bulon daga ƙasar Denmak yake, wani ƙaramin gari da ake kira Billund. Wani kafinta, Ole Kirk Christiansen, shi ya fara sassaƙa kayan wasa na katako a 1932, ya sa wa sana'ar suna LEGO, daga kalmomi biyu na harshensu masu nufin a yi wasa da kyau. Na roba sun fito a 1949, amma sai a 1958 suka gano dabarar da ta sa yake kamawa gam. Ki ɗauki ɗaya ki kifa shi a tafin hannunki. Za ki ga 'yan bututu a cikinsa. Haƙoran da ke saman na ƙasa su ne suke shiga tsakanin bututun da bangon na sama su matse. Awon bai canza ba tun daga lokacin, shi ya sa bulon da aka yi kafin a haife ki zai hau kan wanda aka yi bana.

Jiragen da kawunsa ya nuna masa kuwa suna da tarihinsu. A 1978 kamfanin ya fara fitar da jerin kayan sararin samaniya, a lokacin labarin zuwa wata bai huce a zukatan yara ba. Jikin jirgin shuɗi, fukafukai ruwan toka, tagogi ruwan ɗorawa garai-garai kamar alawa. Akwai 'yan sama jannati ƙanana da ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, ja da fari da farko, da hular kwano da tukunyar iska a baya, fuskar ɗigo biyu ne da murmushi. A ƙirjinsu akwai tambari: wata mai ruwan zinariya da ɗan jirgi ja yana zagaya shi. Ki ce yaron ya zazzage bokitin ya duba, mai yiwuwa ya tsinci ƙwaya mai wannan tambari. Ni a Ƙofar Wambai na taɓa tsintar ɗaya a cikin tarkacen gwanjo, shuɗiya mai gangare, gefen tambarin ya goge saboda hannun wani yaro da ban san a wace ƙasa yake ba. Tana kan tagata yanzu haka. Mafi shahara a jerin shi ne wanda suka kira Galaxy Explorer, na 1979, ƙwayoyinsa ba su kai ɗari huɗu ba. Abin da ya fi burge ni da su, 'yan bincike ne, tashar sadarwa da motar ɗibar duwatsu suke da su, ba sansanin yaƙi ba.

Yaran da aka saya wa waɗannan a wancan zamani yau sun ba hamsin baya. Su ne masu gemun da kika ji labari. Kuma ki lura da abin da suke yi, domin a nan amsarki take. Da yawansu ba kwali suke saya su bi takardar da ke ciki ba. Suna zuba warwatsattsun bulo a gabansu, su ƙirƙiro jirgin da kamfani bai taɓa yi ba, amma da launi da fasalin na da, ta yadda duk wanda ya san na 1979 zai ce ɗan gidan ne. Har kamfanin kansa ya bi bayansu. A 2017 ya fitar da samfurin rokar Saturn V, wadda ta ɗaga Apollo 11, kuma masu sha'awa ne suka fara tsara shi, mutum 10,000 suka goyi baya kafin a karɓa. An sa masa ƙwaya 1,969 daidai don tuna shekarar, tsayinsa kimanin mita ɗaya, ita kuwa ta gaskiyar ta kai mita 110. A 2022, da suka cika shekara 90, suka sake yin Galaxy Explorer babba mai ƙwaya 1,254. To ɗanki da ba shi da kwali ba shi da takarda, hoto kawai ya gani a waya sau ɗaya ko biyu, aikin da ya fi wuya ya fara da shi.

Lissafin da kika ga yana yi da tsinke na gaske ne. Siraran ƙwayoyin nan masu kama da faifai, uku in aka ɗora su tsayin bulo ɗaya suke bayarwa, ga kashi ɗaya bisa uku ya shiga hannunsa ba tare da allo ba. In fiffiken dama ya fita da haƙori takwas, dole na hagu ya fita da takwas, in ba haka ba jirgin ya karkace. In ya jera bulo kai da kai, gaɓa a kan gaɓa, yana ɗagawa zai rabe biyu, sai ya koyi sarƙa su yadda magini yake sarƙa bulon siminti. In fiffike ya yi tsawo ya lanƙwasa, sai ya nemo abin da zai tallafe shi ta ƙasa. Na yi shekara talatin ina koyarwa a firamare, kuma na san wahalar da muke sha kafin waɗannan abubuwa su zauna a kan yaro da alli kaɗai. Wani masanin lissafi a Denmak ya ƙirga da kwamfuta cewa bulo shida kacal, masu haƙori takwas-takwas, ana iya haɗa su ta hanya 915,103,765. Ki duba bokitin nan ki gani ko zai ƙare masa.

Ba zan ce miki zai zama ɗan sama jannati ba, wannan na Allah ne. Amma mu ma ba a bar mu a baya ɗungurungum ba. An kafa hukumar binciken sararin samaniya ta ƙasa a 1999, aka harba tauraron ɗan'adam namu na farko, NigeriaSat-1, daga Rasha a 2003, kuma NigeriaSat-X na 2011 injiniyoyinmu ne suka haɗa shi da hannunsu a Ingila. Ko bai kai can ba, hannun da ya saba da awo da haƙuri shi ake nema a wajen kafinta da mai walda da bakanike.

Maigidan yana da gaskiyarsa. Uba yana tsoron ɗansa ya tashi ba karatu ba noma, kuma tsoro ne mai kyau. Ki same shi ku biyu, ba a gaban yara ba. Ku yanka wa yaron lokaci, ko tsakanin la'asar da magariba, bayan ya biya haddarsa ya ba dabbobi ruwa. Ranar da ya yi sakaci da aiki, bokiti ya kwana a ɗakin babansa. Sannan ki sa yaron ya ajiye kumbo kwana biyu ya gina amalanken shanun gidanku, da ƙafafunta da inda ake ɗaura karkiya, ya kai wa babansa ya ce a duba masa inda ya yi kuskure. Na tabbata zai karɓa ya jujjuya, domin amalanke ya san ta ciki da bai. In kuma 'yan mutum-mutumin ne suke damunsa, ku tambayi malamin garinku. Hadisin 'yan tsanan Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, sananne ne a wurin malamai, su za su yi muku bayani.

Kada ki takura kanki ko kawunsa a kan sayen sabon kwali, babba ɗaya ya fi kuɗin buhun gero. In shuɗi ya ƙare ya sa kore, in fiffike ya gagara ya cike da kara. Abu ɗaya da ba na wasa ba: in akwai mai rarrafe ko wanda bai kai shekara uku ba a gidan, ƙananan ƙwayoyin nan suna maƙalewa a maƙogwaro. A shimfiɗa tabarma a yi ginin a kanta, in an gama a tattara tsaf, a rufe bokitin a ɗora sama.

TAMBAYA

Baba Malam, ni malamin aji biyar ne a wani ƙauye kusa da Gaya. Na sayo irin bulon nan a kasuwa don ɗalibaina. Wasu ba sa kamawa, fararen sun koma ruwan ƙasa, ga ƙurar hunturu ta cika su. Ya zan yi?

AMSA

Malam, Allah ya saka maka, na san daga aljihunka ka cire. Ka duba kan haƙoran: na asali kowane haƙori an buga masa sunan LEGO. Haƙƙin mallakar dabarar ya daɗe da ƙarewa, don haka kamfanoni da yawa suna yin irinsa, wasu da kyau, wasu awonsu ya kauce. Kada ka zubar da masu sako-sakon. Ka ware su a gwangwani daban, a riƙa sa su a sama inda ba nauyi, masu kamun su riƙe gindi.

Wanki da hannu za a yi, a ruwa mai ɗumi kaɗan wanda bai wuce digiri 40 ba, da ɗan sabulu da tsohon buroshin haƙori. A shanya a inuwa a kan faifai. Ban da ruwan zafi, ban da fetur ko kananzir, kuma kada a ajiye kusa da murhu. Sauyin launin fararen yawanci aikin rana ne, sabulu ba ya fitar da shi, amma ƙarfinsu yana nan. Ka hana yara ɓanɓare su da haƙori.

Tunda fararen ne da yawa a hannunka, ka raba ajin gida uku su yi Saturn V, domin hawa uku gare ta, kowane hawa yana ƙone mansa ya rabu ya bar na sama ya wuce. Kowane rukuni ya gina hawa ɗaya, amma sai sun zauna sun yarda a kan faɗin inda za a haɗa kafin kowa ya taɓa bulo. In kun gama ka ɗauki hoto da yaran tsaye a bayanta ka aiko mini, ina so in ga ta kai ƙugun wa.