Me Ya Sa Ake Karrama Malaman Ƙididdigar Lafiya?

Tambaya: Malam, daga Idi-Araba a Legas nake. Me ya sa jami'o'i ke karrama malaman ƙididdigar lafiya, alhali ba sa duba majinyata?

Amsa: Ɗan'uwa, likita majinyaci ɗaya yake dubawa, su kuwa masana yaɗuwar cututtuka da ƙididdiga gari guda suke dubawa. Da Ebola ta shigo Legas a Yulin 2014, bin sawun waɗanda suka cuɗanya da masu cutar, da sa musu ido na kwana 21, ya taimaka ta tsaya a mutum 20 a Najeriya. A ganina sun cancanci karramawa, musamman da yake a binciken haɗin gwiwa sunan mai lissafi yakan ɓace a tsakiyar jerin marubuta.