Tambaya da Amsa: Ina Zan Samu Shaidar Rasuwar Kakana?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a wani ƙauye na ƙasar Ringim, ina tattara tarihin gidanmu. Kakana ya rasu tun zamanin En'e, kuma babu wanda ya riƙe shekarar. Gwaggona ce kaɗai ta rage cikin waɗanda suka san shi, ita ma ga ta a kwance. Na zaga ofisoshi, an ce ba su da komai. Wani mutum a bakin kotu ya ce in ba shi kuɗi ya yi mini takardar rantsuwa mai ɗauke da ranar rasuwar. Shin in karɓa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya jiƙan magabatanmu.

Waɗanda suka ce maka babu komai ba ɓoye maka suka yi ba. Dokar da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta 1992 ce, kuma ka san yadda ake yi a ƙauyukanmu: mutum ya cika da hantsi, kafin la'asar an kai shi makwancinsa, kabarin kuma ba a rubuta masa suna. Saboda haka abin da za ka nema shi ne sawun da rasuwar ta bari a wasu takardu.

Ka fara da gida. Malamai da yawa sukan rubuta haihuwa da rasuwa da Larabci ko ajami a bangon Alƙur'ani ko a gefen wani littafin fiƙihu, da lissafin Hijira. Na taɓa buɗe wata gafaka da gara ta ci gefenta, na iske layi biyu da tawadar gargajiya: wane ya rasu daren Juma'a cikin watan Safar, 1373. Wannan ya faɗo ƙarshen 1953. Ka tambayi gidan liman da gidan dagaci. Bayan nan sai littattafan rabon gado na kotun alƙali, domin idan gadon ya je gaban alƙali akan rubuta sunan mamaci da magadansa da ushirar da aka cire, wato kason da kotu ke ɗauka daga dukiyar. Akwai kuma jerin masu biyan haraji, wanda aka ci gaba da karɓa har Gwamna Abubakar Rimi ya soke shi a 1979. Shekarar da sunan magidanci ya ɓace, na ɗansa ya maye gurbinsa, alama ce mai ƙarfi. Ka tuna Ringim tana ƙarƙashin masarautar Kano a wancan zamani, Jigawa kuwa sai 1991 aka ƙirƙiro ta, don haka Kano za ka nufa, Hukumar Tarihi da Al'adu a Gidan Ɗan Hausa, sannan Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Kano suke.

Yanzu ga maganar mutumin bakin kotu, wadda ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai an kawo mini irin wannan takarda ana murna an samo hujja. Takardar rantsuwa ba ta tabbatar da ranar da mutum ya rasu. Abin da take tabbatarwa kawai shi ne cewa wane ya zo yau ya rantse a kan wata magana. Hatimin da ke jikinta shaidar rantsuwar ce, ba shaidar abin da ya faru shekara 60 ko 70 da suka wuce ba. Wannan mutum bai san kakanka ba, bai san ƙauyenku ba, zai dube ka ne ya ƙaga shekara, sau da yawa ya sa 1 ga Janairu don ya huta, ya karɓi kuɗinsa ya juya ga na bayanka. Kai kuma ka shigar da ita cikin tarihin gida, jikokinka su ɗauke ta tamkar yankan wuƙa.

Kuma ɓarnar ba a tarihi take tsayawa ba. A shari'ar gado, sanin wanda ya riga wani rasuwa shi ne ke raba mai rabo da marar rabo: idan ɗa ya riga mahaifinsa rasuwa, 'ya'yansa ba sa cin gadon kakansu matuƙar akwai baffansu a raye. To ka ga shekara guda da aka ƙaga tana iya ɗauke gona daga wani ɗaki ta kai wani. Yau kai tarihi kake rubutawa da zuciya ɗaya, gobe wani daga cikin dangi ya ɗauki takardar nan ya kai gaban alƙali a rikicin gona, kuma sunanka ne a ƙasanta a matsayin wanda ya rantse. Wannan shaidar zur ce, kuma Malam, kai mai koyar da yara ne, ka san matsayinta cikin manyan zunubai. Ban ga dalilin da zai sa ka ɗauki wannan nauyi don cike gurbi ɗaya a takarda ba.

Abin da ya fi gaggawa shi ne Gwaggo. Ka je gare ta cikin makon nan da wayarka, ka nemi izininta ka naɗi muryarta, kuma kada ka tambaye ta shekara, don ba da lamba suke lissafi ba. Ka tambaye ta: da damina ne ko da kaka? An yi zuwan Sarauniya na 1956 ko ba a yi ba? Sarki Sanusi na kan gado, ko an naɗa Ado Bayero a 1963? Sardauna na da rai? Wa take goyo a lokacin? Idan amsoshinta suka tsaya tsakanin 1956 da 1963, haka za ka rubuta, ka sa sunanta da ranar da ta faɗa maka, sannan ka ɗauki wannan tazarar ka tafi da ita wurin littattafan alƙali.