Fitilar taragon jirgin wasa: ɗaya ta ƙone, ɗaya tana ƙyaftawa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran rediyo ne kusa da Kasuwar Dole, nan Damagaram. Yayana da ke Faransa ya kawo mini jirgin ƙasa na wasa, girman HO (ma'aunin girman jiragen wasa ne), mai aiki da tsarin DCC, wato wuta da umarni duk ta layi suke bi, da taragon fasinja da dikodan fitilu, ƴar na'urar da ke karɓar umarnin ta kunna fitila. Na haɗa ƙwayar LED, nan take ta ƙone. Na sa igiyar LED mai bolt 12, ta kama, amma da jirgi ya motsa sai ta dinga ƙyaftawa. Ko dikodan ne ya lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Dikodanka lafiya lau yake, tunda ga shi yana kunna igiyar. Matsala biyu gare ka, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya.

Layin HO yana ɗauke da bolt 14 zuwa 16, dikoda kuma ɗan kaɗan yake rage wa fitila, farar LED kuwa bolt 3 take so. Igiyar ta tsira ne don an ƙera ta da rezistans a jikinta. Ka sa wa kowace ƙwaya rezistans mai om 1000, sai ta sha kimanin miliampiya 11. Ni 2200 na fi so, don taragon da ke haske kamar shagon caji ba ya kama da na gaske.

Launin wayoyin dikoda ƙa'idar ƙungiyar masu jiragen wasa ta Amurka ce, NMRA: ja zuwa ƙafafun tarago na dama, baƙa zuwa na hagu. A nan masu gyara ke tuntuɓe, domin shuɗiyar ita ce mai alamar +, ita za ka haɗa da doguwar ƙafar LED. Farar waya da mai ruwan ɗorawa suna bin inda jirgi ya dosa, gaba ko baya, don haka fitilar ciki ka ba ta waya tsanwa, ka kunna ta da maɓallin F1 na akwatin sarrafa jirgin.

Ƙyaftawar kuwa ƙura ce. Tarago ba shi da nauyi, wutar kuma ta ɗan wurin da ƙafar ƙarfe ta taɓa layi take shiga. Jirgin nan ba don hazon hunturun Damagaram aka yi shi ba. Kwana ɗaya a buɗe ya isa. Jiƙa ƙyalle marar gashi da alkol, ka goge layi da ƙafafu, har da ƴan siraran tagullar da ke gugar sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun. Kada ka kusance shi da takarda mai yashi, kartar da za ta bari nan datti zai zauna. In ka gama wasa, rufe shi da zane.

In bai daina ba, sa kondansatar mai bolt 25, mikrofarad 1000, tsakanin shuɗiyar waya da wurin da ke da alamar GND (wato −) a dikodan, in naka yana da shi. Ka bi da shi ta rezistans mai om 100 da diyod a gefenta, don kada ya zuƙi wuta farat ɗaya akwatin sarrafawa ya ɗauka wayoyi sun haɗu. Kada ka ɗora shi kai tsaye kan ja da baƙa.

Sabon dikoda da adireshi 3 yake zuwa, wato lambar da akwatin sarrafawa ke kiran shi da ita, kan jirginka ma wataƙila haka. Canza na taragon a CV1, gurbin da dikoda ke ajiye adireshi; in taragun suna da yawa, ka ba su duka lamba ɗaya, maɓalli ɗaya ya kunna su. Cire kondansatar kafin ka yi wannan. In akwatin ya kasa karanta dikodan, rashin mota ne a jikinsa. Rubuta lambar kawai, ka mai da tarago kan layi ka danna F1.