Aika takardun makaranta daga Gombe: gidan waya ko tasha?

Malam, ka tambaya ko ka aika wa ƙanenka takardun makarantarsa zuwa Legas ta gidan waya, ko kuwa ka ba direba a tasha. Don Allah takardar shaida ta asali kada ka damƙa ta a hannun direba. Na taɓa yi, mota ta lalace a hanya, kwana uku wayar mutumin a kashe, ko barcin kirki ban samu ba.

Gidan waya na NIPOST yana nan yana aiki. In ka je ka ce EMS kake so, wato aiken gaggawa, in kuma ba sauri kake ba, wasiƙa mai rajista ta wadatar. Za su ɗora ambulan a sikeli, nauyi da inda za shi ne ke yanke kuɗin. Rasit ɗin na ɗauke da lambar bin sawu, ka ɗauki hotonsa tun kana gaban kanta.

Ka fara sa takardun a leda saboda damina. Lambar wayar ƙanen naka ka rubuta ta ɓaro-ɓaro, ka ce masa ya riƙe katin shaidarsa, don sai ya sa hannu za a miƙa masa. In ranar Juma'a ce, ka yi sammako.