Tambaya da Amsa: Rikodin karatun Malam ya yi nauyi, in na matse kuma murya ta lalace

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ke ɗaukar karatun malaminmu a masallacin unguwa ina tura wa mutane, to karatun awa ɗaya sai ya haura MB 600, da na matse shi da wata manhaja kuma muryar ta koma kamar ana magana a cikin randa. Don Allah ya zan yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya saka da alheri kan wannan hidima. Wancan fayil ɗin naka WAV ne, sautin da ba a matse ba, duk minti ɗaya yana cin wajen MB 10, shi ya sa. Kar ka goge shi, ajiye shi a kwamfuta, shi ne uwa.

Abin da za ka duba wajen matsewa lambar nan ce da ake rubuta kbps a gabanta, wato yawan datar da sautin ke ci a kowace daƙiƙa. MP3 mai 320, wanda shi ne ƙololuwa, awa ɗaya MB 144 ne, mai 128 kusan MB 58, mai 64 kuwa bai cika MB 29 ba. To mutane na ganin babbar lamba ita ce inganci sai su yi ta cinye wa jama'a data a banza, alhali karatu murya ce guda ta fito daga makirufo guda, ba kiɗa ba ne mai ganga da algaita. Sauke manhajar gyaran sauti ta Audacity, kyauta ce, wajen fitar da fayil ka zaɓi mono, wato layin sauti guda, kar ka zaɓi sitiriyo mai layi biyu, ka sa 64. Wallahi kunne ba zai ji ya rasa komai ba. A sitiriyo kana raba ɗan abin da kake da shi ne gida biyu, kunnen dama da na hagu, kuma abu ɗaya suke faɗa.

Muryar randa da ka ji, ko manhajar ta yi ƙasa sosai kamar 24 ko 16, ko kuma an matse abin da dama matsattse ne, harafin sin da shin su ke fara lalacewa, ka ji suna wani ɓurɓuri, a karatun Alƙur'ani kuwa wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma mai da 64 zuwa 320 ba ya dawo da abin da aka zubar, nauyi kawai zai ƙara.

Sai hayaniya, ƙarar fanka da janareta su ma suna cin nasu rabon a cikin 64 ɗin nan, don haka matso da makirufon kusa da bakin Malam.

Akwai wani nau'in matse sauti mai suna Opus, wanda WhatsApp ke amfani da shi a saƙon murya, ya fi MP3 iya matse magana nesa ba kusa ba, amma ƙananan rediyoyin nan masu cin memori da iyayenmu ke saurare da su yawanci MP3 suka sani, ni dai MP3 ɗin zan ce ka tsaya a kai.